Nawa hitar lantarki ta gida ke ci a wata? Ga yadda ake lissafin tun kafin bil ya iso

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tunda sanyi ya fara shigowa wayata ba ta huta ba, tambayar kuma kusan iri ɗaya ce, musamman daga waɗanda wannan ne hunturunsu na farko a Amurka ko Kanada: bil ɗin wuta ya zo dala ɗari huɗu ko biyar alhali watan Oktoba ɗari da ɗan wani abu aka biya, shin kamfani ne ya yi kuskure ko maƙwabci ne ya jona waya? Ranar Juma'ar da ta wuce ma bayan an idar da sallah mutum biyu suka tare ni a bakin masallaci kowa da takardarsa a hannu. To galibi ba kuskure ba ne kuma ba wanda ya jona, injin ɗumama gidan ne, wannan da ake kira fanes, idan mai aiki da lantarki zalla ne.

Ni a Kolombus ta jihar Ohayo nake zaune, gidan da na fara haya komai na lantarki ne, ba gas ko kaɗan, kuma hunturun farko na sha wuya sosai don ba wanda ya zaunar da ni ya yi min bayani. Abin da nake so kowa ya riƙe tun daga nan shi ne wannan injin ba ya da wani sirri, waya ce ke yin ja kamar ta risho ɗin lantarki, fanka ta hura iska ta kanta, iskar ta bi bututu ta shiga ɗakuna. Duk yunit ɗaya da ya ci zafin yunit ɗaya zai ba ka, ba ƙari ba ragi, sabo ne ko tsoho. Saboda haka kuɗin abu uku ne kawai ake ninkawa: girman injin, awowin da ya yi yana ci, da farashin yunit. Na farko ba ka da iko da shi in haya kake, na uku ikonka kaɗan ne, na tsakiyar nan shi ne a hannunka.

Kayan da za ka nema: bil ɗinka na wannan watan, wani bil na watan da ba sanyi ba zafi kamar Mayu ko Oktoba, tocila, biro da takarda, sai kalkuletar waya.

1. Tabbatar da irin injin da ke gidan

Kar ka fara lissafi sai ka san me kake da shi, don abu uku ne mutane ke haɗawa su kira hita. Je inda injin yake, galibi ɗakin ƙasa ne ko wani ɗan kabad a koridor. In ka ga bututun gas ya shiga jikinsa da bututun hayaƙi ya fita sama, to na gas ne, wutar da yake ci ta fanka ce kawai, wannan rubutun ba naka ba ne sosai. In ba bututun gas ba na hayaƙi, sai wata murtukekiyar waya, to lantarki ne.

Sai ka leƙa waje. Akwatin nan mai fanka da ke bayan gida, wanda ke aiki lokacin zafi, in ka ga yana juyawa a cikin sanyi alhali ɗumi ka kunna, to hit-fam gare ka, wato AC ce mai juya aikinta ta jawo zafi daga waje ta shigo da shi. Wata alamar kuma za ka ga an rubuta AUX ko EM HEAT a jikin tamostat, wato ɗan abin bango da ake saita zafin. Ka riƙe wannan, zan dawo kansa a mataki na 6 don nan ne kuɗin mutane da yawa ke zurarewa.

2. Nemo girmansa da kilowat

A jikin injin akwai takarda manne mai lambobi, haska tocila ka nemi inda aka sa kW, wato kilowat. Na gidajen zama galibi 10 ne ko 15 ko 20, ƙananan fulat kan samu 5 ko 8, manyan gidaje har 25. Wayoyin zafin guda guda suke, kowace wajen kilowat 5, shi yasa lambar ke tafiya biyar biyar. Wani lokaci za ka ga jerin girma da yawa a takardar an yi wa ɗaya maki da biro, wanda aka yi wa makin shi ne naka.

In takardar ta goge, je akwatin birekoki ka duba wanda aka rubuta na hita. Bireka mai baki biyu na amp 60 shi kaɗai yawanci kilowat 10 ne, 60 da 30 tare kilowat 15, 60 guda biyu kilowat 20. Ba daidai cif ba ne amma ya isa a yi lissafi.

Gargaɗi: kallo kawai na ce. Kar ka kwance murfin da ke da sukurori don ka leƙa wayoyi, wutar da ke ciki bolt 240 ce da amp mai yawa, kuma wasu injinan bireka biyu ke ba su wuta, ka kashe ɗaya ka ɗauka ka gama alhali ɗayan na nan da rai. Mun saba a gida kowa ɗan gyaran wuta ne, nan ka bar wa masu lasisi.

Yunit ɗin nan da muka sani a mitar kati a gida shi ne dai kWh da suke rubutawa a nan. Injin kilowat 15 in ya yi awa ɗaya cur yana ci, yunit 15 ya tafi. Duk wanda ya taɓa sayen yunit 50 a Kano ko Kaduna ya lallaɓa shi ya yi sati biyu, ya tsaya ya yi tunani, wannan injin cikin awa uku da 'yan mintuna zai lashe shi.

3. Fitar da ainihin farashin yunit

Nan mutane ke yaudarar kansu. Za ka ji mutum ya ce ai ni santi 9 nake biya, saboda lambar da ya gani an rubuta da manyan baƙi kenan. A jihohi irin Ohayo da Fensilbeniya da Teksas bil kashi kashi ne, akwai kuɗin wutar kanta, akwai kuɗin kawo ta ta wayoyi, akwai wasu ƙananan caji da haraji, kuma yawancinsu da yawan yunit suke hawa. Hanya mafi sauƙi ita ce ka ɗauki jimillar bil ɗin na watan, banda bashin baya in akwai, ka cire ɗan kuɗin nan tsayayye da ake caja ko ka sha wuta ko ba ka sha ba, abin da ya rage ka raba da yawan yunit.

Misali bil dala 186, tsayayyen caji dala 10, saura 176, yunit 1,100. In ka raba ya ba ka santi 16. Da wannan santi 16 zan yi duk misalan da ke ƙasa don kusan nan matsakaicin farashin gidaje a Amurka ya tsaya a 2023 da 2024, amma kai naka za ka sa, don bambancin wuri da wuri babba ne. A Kalifoniya da jihohin arewa maso gabas irin su Masacusets ana kaiwa santi 30, Hawai ta ma wuce nan, jihar Washinton da Dakota ta Arewa kuma ƙasa suke sosai. A Kebek ta Kanada wuta na da araha, a 2025 kamfanin wutarsu Hydro-Québec na sayar da yunit 40 na farko a kowace rana wajen santi 7, abin da ya haura santi 10 da ɗoriya, shi yasa yawancin gidajen can da lantarki suke ɗumama. To amma ka lura injin kilowat 15 awa uku bai cika ba ya cinye arba'in ɗin mai araha, sauran ranar duk a farashi na biyu kake.

Mutanen Ontariyo ku duba wane tsari kuke kai. In na lokaci ne, a hunturu wuta ta fi tsada ƙarfe 7 zuwa 11 na safe da 5 zuwa 7 na yamma a ranakun aiki, ta fi araha daga 7 na yamma zuwa 7 na safe da kuma Asabar da Lahadi. Wato daidai lokacin da ake tashi shirin makaranta a murɗa hita, lokacin ne mafi tsada.

Gargaɗi: masu ƙwanƙwasa ƙofa ko su tare ka a bakin kanti su ce nuna min bil ɗinka in rage maka kuɗin wuta, kar ka ba su lambar asusunka a tsaye. Da yawa farashi mai sauƙi suke ba ka na wata biyu ko uku, daga nan ya koma mai hawa da sauka, kuma a tsakiyar sanyi yake hawa. Abin da ya faru a guguwar sanyi ta Teksas a Fabrairun 2021 ya isa darasi, lokacin da farashin sari ya kai dala 9 kan yunit ɗaya, waɗanda tsarinsu ke bin farashin sari suka ga bil na dubban daloli na 'yan kwanaki. Mai hitar lantarki tsayayyen farashi ya kamace shi, wanda zai ratsa hunturu gaba ɗaya. A Ohayo hukumar PUCO mai sa ido kan kamfanonin wuta na da shafin kwatanta farashi mai suna Apples to Apples, can za ka duba da kanka a natse, ka karanta wata nawa ne kuma nawa ne tarar fita.

4. Gano awa nawa yake ci a rana

Wannan shi ne zuciyar aikin, kuma nan zan daɗe.

Injin ba ya ci dare da rana ba tsayawa, kamawa yake yana saki. Mutum ya ce ai hitata a kunne take awa 24, eh a kunne take, amma awowin da wayoyin suka yi ja su ake biya. Lissafin takarda ga shi, a santi 16:

Kilowat 10, awa 5 a rana, yunit 50, dala 8 a rana, dala 240 a wata.
Kilowat 15, awa 6 a rana, yunit 90, dala 14.40 a rana, dala 432 a wata.
Kilowat 20, awa 8 a rana, yunit 160, dala 25.60 a rana, dala 768 a wata.

Wannan fa kuɗin ɗumi ne kaɗai, ba a sa firij da girki da ruwan zafi da injin busar da kaya ba. Fankar injin ma tana cin nata, kusan rabin kilowat.

Za ka iya zama da agogo ka ƙirga minti nawa ya yi yana huri a cikin awa ɗaya, in minti 20 ne kashi ɗaya cikin uku kenan, wato awa 8 a rana in haka ya ɗore. Amma wannan hanyar tana ƙara gishiri, saboda wayoyin ba tare suke kamawa ba, ɗaya bayan ɗaya ne, kuma fanka na ci gaba da huri ɗan lokaci bayan sun mutu, ga shi sanyin asuba ba ɗaya yake da na azahar ba.

Hanyar da na fi yarda da ita mita ce, gani ya kori ji. Ga yadda nake yi. Na farko ka ɗauko bil ɗin Mayu ko Oktoba ka raba yunit ɗinsa da kwanakin, a ce yunit 600 cikin kwana 30, wato gidanka na cin yunit 20 a rana ba tare da hita ba. Na biyu ka je mita bayan sallar isha'i ka ɗauki hotonta da waya, gobe daidai wannan lokacin ka sake. Ni a gidan farko mitocin jere suke a bango ta baya, guda takwas, sai na sa safar hannu na goge ƙanƙarar da ta rufe gilashin sannan in ga lamba, kuma ka tabbata lambar mitar ta dace da wadda ke kan bil ɗinka kar ka yi sati kana karanta ta maƙwabci. Mitar zamani tana jujjuya lambobi kala kala, jira wadda ke da kWh a gefe. A ce jiya 41,230 yau 41,345, bambanci 115. Cire 20 na yau da kullum, saura 95. Wannan 95 ɗin hita ce ta ci, dala 15.20 a rana ɗaya.

Kamfanoni da yawa yanzu suna nuna cin kowace rana har kowace awa a manhajarsu, in naka na yi to ka huta da fita cikin sanyi, buɗe asusu kawai ka duba.

Kar ka yi kwana ɗaya ka ninka da 30 ka ce ka gama. Yi kwana uku ko huɗu, kowace rana ka rubuta matsakaicin sanyin waje daga manhajar yanayi. Dalili shi ne cin wutar yana bin tazarar da ke tsakanin zafin ciki da sanyin waje. A ce ranar da ka samu 95 ɗin nan waje digiri 0 ne a ma'aunin Salshiyos, ciki 20, tazara 20, kusan yunit 4.75 kenan kan kowane digiri. Ranar da waje ya sauka 10 ƙasa da sifili tazara ta zama 30, sai ka sa ran yunit 140 da ɗoriya, wajen dala 23. Da wannan 'yar lambar taka za ka iya kallon hasashen sati ka san abin da ke tafe, kuma Janairu da Fabrairu su ne masu nauyi, in Disamba ta ba ka tsoro to ka shirya.

Gargaɗi: duba ko bil ɗin karatun mita ne na gaske ko ƙiyasi, suna rubutawa. Kuma duba kwana nawa ya ƙunsa, wani 28 wani 34, a Kebek ma na wata biyu ake haɗawa. In lambar da ke kan bil ta fi wadda ke kan mitarka yau, to nan kam akwai kuskure, kira su da hoton a hannu.

5. Saita tamostat

Yanzu koma kan waccan tazarar. Mu mutanen zafi ne, kuma na san abin da ake yi, a shigo daga waje jiki na rawa a murɗa abin zuwa 79 ko 80 na Farenhait, wato wajen 26 na Salshiyos, a zauna da singileti yara na yawo ba riga kamar ana Maris a Sakkwato. A misalinmu, waje 0 ciki 26 tazara 26 ce maimakon 20, yunit 123 maimakon 95, ƙarin dala huɗu da rabi kullum, wajen dala 135 a wata. Kuɗin da za a tura gida ya yi wa iyaye cefanen wata ne fa ake hurawa ta silin.

Abin da ma'aikatar makamashi ta Amurka ke ba da shawara shi ne 68 na Farenhait, wato 20, lokacin da ake gida ido biyu, kuma ta ce rage digiri 7 zuwa 10 na Farenhait na awa takwas a rana na iya rage har kashi 10 cikin ɗari a shekara. Ni a gidana 68 da rana, 63 in za a kwanta da lokacin da kowa ya fita. Satin farko za a yi ƙorafi, maganinsa dogon wando na ciki, safa mai kauri, suwaita, da bargo mai kyau, jiki na sabawa. Kar ka sauke daga 79 zuwa 68 rana ɗaya a yi rigima da uwargida, rage digiri biyu duk bayan kwana biyu.

Kurakurai biyu da nake gani kullum. Na ɗaya murɗawa can sama wai don gida ya yi saurin ɗumi, ba ya ƙara sauri, sai dai a manta shi a can. Na biyu makunnin fanka, akwai ON akwai AUTO, bar shi a AUTO. In yana ON fanka ba ta tsayawa, tana cin wajen yunit 10 zuwa 12 a rana a tsofaffin injina, ga iska mai sanyi da take hurowa tsakanin kamu da kamu wadda ke sa a ƙara murɗa zafi.

Tamostat mai saitin lokaci ana samu daga wajen dala 30 zuwa 60, masu haɗuwa da waya sun haura 100. In haya kake nemi izinin mai gida kafin ka canza.

Gargaɗi: in akwai jariri, ko tsoho, ko mai sikila ko asma a gidan, kar a yi tsimi da lafiyarsu. Hukumar lafiya ta duniya 18 na Salshiyos ta sa a matsayin mafi ƙaranci a cikin gida lokacin sanyi, wajen 64 kenan, kuma masu rauni sun fi son sama da haka. Iyayenmu da ke zuwa ziyara ko jego ba sa faɗa in suna jin sanyi, kunya suke ji, ka taɓa hannunsu ka ji.

6. In hit-fam ne da kai

Ita wannan yunit ɗaya take ci ta ba ka zafin yunit biyu zuwa uku, don haka aikin 95 ɗin can za ta yi shi da wajen 35 zuwa 45 in sanyin bai tsananta ba. Amma a cikinta akwai waɗancan wayoyin masu ja a matsayin taimako. In ka ga AUX ya haska, su ne suka shigo, kuma suna shigowa in sanyi ya yi tsanani ko in ka ɗaga tamostat da yawa lokaci ɗaya. Saboda haka kai ba a ce ka riƙa saukewa da yawa da dare ba, bar shi kusan wuri ɗaya, in za ka ɗaga ɗaga digiri ɗaya ko biyu.

EM HEAT kuwa, wato ɗumin gaggawa da wayoyin kaɗai, kar ka taɓa shi sai akwatin nan na waje ya lalace. Wani ɗan'uwa ya ga kalmar ya ɗauka ai ita ce ta sanyi mai tsanani, ya bar ta haka tun Nuwamba, ashe ya kashe mai arahar gaba ɗaya yana ɗumama gida da mai tsadar. Da muka mayar, cin ranarsa a manhaja ya faɗi kusan rabi.

7. Filta da ƙofofin iska

Gajere ne. Zaro filtar, wato matatar iskar da ke jikin injin, girmanta na rubuce a gefe kamar 16x25x1, ɗaga ta saitin fitila, in haske ba ya ratsawa canza. Wata ɗaya zuwa uku ake yi, kuɗinta daga dala 5 zuwa 20, kibiyar da ke jiki ta kalli injin. Filta mai datti na shaƙe iska, wayoyin su yi zafi fiye da kima injin ya riƙa yanke kansa, har ya kai ga ƙonewa. Kar a ɗora kujera ko kafet ko buhun shinkafa kan ƙofofin iska, kuma kar a rufe fiye da ɗaya ko biyu wai don tsimi. Ƙaurin ƙura ranar farko da aka kunna ba komai, in ƙaurin roba ne ko waya kashe daga bireka ka kira mai gida.

In ka kashe hitar daga tamostat amma ka ji jikin injin na nan da zafi bayan awa ɗaya kuma mita na gudu, wata waya ce ta maƙale a kunne, gyara ne na gaggawa kuma haƙƙin mai gida ne.

8. Toshe inda zafin ke guduwa

Ɗumama gida mai ɓula kamar ɗiban ruwa da kwando ne. Ranar da ake iska, jiƙa bayan hannunka ka bi gefen tagogi da ƙarƙashin ƙofofi da soket ɗin bangon waje, inda ka ji sanyi na busowa nan ne. Ledar taga da ake mannawa a busa da na'urar busar gashi ta miƙe, fakiti wajen dala 10 zuwa 20 kuma ya kan rufe taga da yawa, ita ce abin da ya fi yi min amfani a tsohon gida. Robar gefen ƙofa da ta ƙasa kowanne bai wuce dala 10 zuwa 15 ba, kafin ka saya ma naɗe tsohuwar darduma ka tokare. Labule mai kauri a buɗe shi da rana ta ɓangaren da rana ke shigowa a rufe da magariba. Fankar banɗaki da ta kicin a kashe in an gama, iskar da ka biya ka ɗumama suke fitarwa. Sai al'adar nan tamu ta rakiya, a tsaya a bakin ƙofa a buɗe ana sallama minti goma, a gama gaisawar a ciki sannan a buɗe.

Iskar hita busasshiya ce kamar ta hunturun gida, leɓe ya tsage yara su yi haɓo, man kaɗanya da 'yar na'urar turiri a ɗakin kwana sun wadatar.

9. Ƙaramar hita ta ɗaki

Kilowat ɗaya da rabi take ci, awa 8 dala 1.92. Tana rage kuɗi ne kawai in ka sauke babbar ka tara iyali a ɗaki ɗaya. In kowane ɗaki da tasa kuma babbar na nan a 72, ƙari ka yi.

Gargaɗi: kai tsaye a bango ake jona ta, banda ekstenshan, mita ɗaya tsakaninta da labule da katifa da kaya, kar a shanya komai a kanta, a kashe in za a yi barci ko fita.

Babban gargaɗin kuma, wanda saboda shi kaɗai ma da na yi wannan rubutun: kar tsadar wuta ta sa wani ya shigo da gawayi cikin gida, ko murhun gashi, ko janareta ko a gareji ne. A gida muna kwana da kasko a ɗaki lokacin sanyi, ko can ma yana kisa, balle nan da gidajen a toshe suke ruf. Iskar gubar da gawayi ke fitarwa ba wari ba launi, ciwon kai da jiri da barci, shikenan. A waccan guguwar sanyi ta Teksas an rasa rayuka ta haka. Kuma gidan da komai na lantarki ne sau da yawa ba a sa masa ƙararrawar wannan iskar ba, ta hayaƙi kawai ce, saya taka wajen dala 20 zuwa 30. 'Yan uwa mata masu turaren wuta, kaskon lantarki ya fi, in gawayin ne dole to ɗan ƙarami, taga a ɗan buɗe, a kashe shi da ruwa kafin a kwanta.

10. In za a tafi gida hutu

Masu tafiya Najeriya ko Nijar ko Gana a Disamba, kar ku kashe hita gaba ɗaya. Ruwa na daskarewa a famfo ya fasa shi, ka dawo ka tarar da silin a ƙasa, garin neman gira a rasa ido. Bar ta a 55 na Farenhait, wajen 13, buɗe ƙofofin kabad ɗin ƙarƙashin sinki, rufe babban famfon ruwa in kana da ikonsa, ka bar wa wani amintacce makulli ya riƙa leƙawa.

11. In bil ya riga ya fi ƙarfinka

Kar ka ɓoye takardar a durowa, kira kamfanin kafin ranar biya ta wuce. Nemi tsarin biya daidai wa daida, wanda ake raba kuɗin shekara gida goma sha biyu, ba ragi ba ne amma Janairu ba za ta karya ka ba. A Amurka akwai tallafin gwamnatin tarayya mai suna LIHEAP, kira 211 su faɗa maka ofishin da ke kusa, cancanta ta danganta da kuɗin shigarka da irin takardun zamanka, tambaya ba ta da laifi. A Ohayo akwai PIPP Plus inda masu ƙaramin ƙarfi da gidansu lantarki ne zalla ke biyan kashi 10 cikin ɗari na kuɗin shigarsu, akwai kuma umarnin hunturu da ke ba ka damar biyan dala 175 sau ɗaya a kakar a bar maka wuta ko a mayar. Ontariyo ta hana yanke wutar gidaje daga 15 ga Nuwamba zuwa 30 ga Afrilu, kuma tana da OESP mai rage bil kowane wata, a Kebek ba a yankewa daga 1 ga Disamba zuwa 31 ga Maris, Minesota daga 1 ga Oktoba zuwa 30 ga Afrilu amma sai ka kira kun yi yarjejeniyar biya. Bashin dai yana nan yana taruwa, biya abin da ya samu kowane wata.

12. Kafin ka sa hannu a gida na gaba

Tambayi mai gida da me ake ɗumama gidan kuma wa ke biya, sannan ka je ka gani da idonka kamar mataki na 1. Kira kamfanin wuta ka ba su adireshin ka nemi matsakaicin bil da mafi tsada na shekarar da ta wuce, da yawa suna faɗa, Hydro-Québec ma a shafinta za ka sa adireshi ya fito. Gas a mafi yawan jihohi masu sanyi ya fi sauƙi nesa, ma'auninsa ɗaya da ake kira tam daidai yake da zafin yunit 29 na lantarki, in ana sayar da shi dala ɗaya da rabi to zafin da kake saya santi 16 mai gas yana samunsa ƙasa da santi 6. Fulat na tsakiya mai maƙwabta sama da ƙasa da gefe ya fi na kusurwa ko na saman ƙarshe riƙe ɗumi. Gidan da hayarsa ta fi araha da dala 100 amma fanes ɗin lantarki ne da tsofaffin tagogi, ɗauki biro ka haɗa hayar wata goma sha biyu da wutar Nuwamba zuwa Maris, ka yi wa ɗayan gidan haka, sannan ka zaɓa.